Munduwar da Ba Ta da Baki

Ana cikin kiran sallar magariba abu na farko ya faɗo a kan rufin kwanon gidan Alhaji Bilya, a unguwar Hausare ta Garuwa, a arewacin Kamaru. Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an jefa tsakuwa ne, ta gangara a hankali, ta tsaya a bakin indararo. Kaltumi, matar gidan, tana durƙushe gaban murhu tana kwashe tuwon masara, ko ɗaga kai ba ta yi ba, don gida mai bishiyar mangwaro ya saba da jifa. Zafin yinin bai gama sauka ba, iskar da kan taso daga kogin Binuwai ma ranar ta ƙi zuwa.

Sai wani ya sake faɗowa, wannan karon a tsakar gida, dab da butar da Bilya yake alwala da ita. Ya miƙa hannu ya ɗauka, nan take ya yar, don abin da zafi. Da ya sunkuya ya duba, sai ya ga kwanson harsashi ne, fanko, yana warin albarushi kamar yanzu ya fito daga bindiga. Ya ɗaga kai sama, babu komai sai jemagu suna wucewa. Ba a ji ƙarar harbi ko'ina a unguwar ba.

'Yarsu Mairamu tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, littafin makaranta a cinya, amma ba karatu take yi ba. Ta riƙe wuyan hannunta na dama da hannun hagu.

Ta ce, "Baba, munduwar nan ta fara matse ni."

Bilya ɗan kasuwa ne, jikan fataken da suka taso daga Katsina suka yi gida a Garuwa tun zamanin da. Atamfa yake sayarwa a babbar kasuwa, amma kowa ya san zuciyarsa ba a rumfar take ba, tana cikin wani akwatin katako da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki yake tara zobba da mundaye da sarƙoƙin da sojoji suka ƙera da hannunsu a fagen yaƙi, lokacin zaman jiran umarni. Akwai zoben da wani tsohon sojan Faransa ya yanko daga fiffiken jirgin da ya faɗi. Akwai waɗanda mayaƙan Chadi suka tsallako da su garin Kusiri. Ga kuma sababbi, na yaƙin da ake yi a kan iyaka, can duwatsun Mandara.

Maƙeran kasuwa sun gane akwai masu son irin kayan, sai suka shiga ƙera na jabu suna shafa musu toka don su yi kamar sun tsufa. Sun cuci mutane da dama, amma ba su taɓa cin Bilya ba. Shi in an kawo masa abu, ba ya ma kallo. Runtse ido yake yi, ya zura babban yatsansa na dama ta ciki, ya shafa. Aikin maƙeri sumul yake ta ciki, don yana da kayan aiki. Soja kuwa ba shi da komai sai ƙusa da dutse da guntun magagari, saboda haka cikin aikinsa kaushi ne, har ka ji inda hannunsa ya goce ranar da yake tsoro ko yake jin barci. Bilya yakan ce, "Ni ba da ido nake saye ba." Yana ji da wannan yatsa kamar shi kaɗai Allah ya yi wa yatsa a Garuwa. Yana da wata al'ada kuma: duk abin da ya samu sabo, sai ya sa wa Mairamu a hannu, ya ɗauki hoto da waya, ya aika wa abokan harkarsa na Duwala da Faransa su yi ta haɗiyar yawu.

Da hantsin ranar wata mata mai suna Agnès ta zo rumfarsa. Kirista ce daga ƙauyukan dutse na wajen Mayo-Oulo, tana sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, mijinta Théodore kuma soja ne da ya dawo daga kan iyaka ya kwanta ciwo ya rasu. Ta kwance wani tsumma ta ajiye masa munduwa ta tagulla, wadda aka yanko daga kwanson babban harsashi, an yi mata zanen duwatsu da tsinin ƙusa. Ba ta yi ciniki ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Alhaji, ɗauke ta. Ba ni ya yi wa ba."

Bilya ya runtse ido ya shafa, tsikar jikinsa ta tashi don daɗi. Bai taɓa taɓa aiki mai kyau irin wannan ba. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Munduwar a rufe take ruf, ba ta da baki, kuma ta yi wa hannun babbar mace kaɗan, ta yi wa jariri nauyi. Shi da bakinsa yake koya wa mutane cewa soja ba ya ƙira a banza, kowane zobe da awon yatsan wani aka yi shi, na uwa ko na mata ko na ɗa. Ya kamata ya tambayi awon hannun wa ke nan. Bai tambaya ba. Ya ce a ransa marigayin ne ya yi kuskuren awo, kuma hoto ba ya kyau sai a hannu. Da ya koma gida bayan azahar ya ɗauko ƙaramin zarto ya yi mata baki, ya buɗa da awartaki, ya zura wa Mairamu. Yarinyar ta ce ta yi mata kyau, ya bar mata ita zuwa yamma.

Yanzu da ta ce ta matse ta, ya ƙarasa wurinta da ruwan alwala a fuska, ya kama hannun ya juya munduwar yana neman inda ya yanka. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya runtse ido ya bi ta da yatsa. Babu baki, babu ko alamar zarto. A saman rufi wani kwanso ya sake faɗowa ya gangara.

Kaltumi ta gwada sabulu, ta gwada man gyaɗa, ta kaɗa yauƙin kuɓewa ta shafa. Munduwar ko motsi. Washegari aka kai Mairamu wurin maƙeri, yana ɗora zarto a kan tagullar yarinyar ta ƙwalla ƙara kamar namanta ake yanka, jini kuma ya ɓullo daga ƙarƙashin munduwar alhali haƙorin zarton bai taɓa fata ba. Maƙerin ya ajiye kayansa ya ce a yi masa haƙuri. A asibiti ma haka aka yi. Likitan ya duba yatsun da suka fara kumbura suna yin baƙi, ya ja Bilya gefe ya gaya masa gaskiya: in abin nan bai fita ba, jini zai daina kaiwa, kuma ba yadda za a yi sai a yanke hannun.

Gidan ya koma wani iri. Da rana lafiya lau, har ka ce babu komai. Amma da zarar rana ta yi ja, kaji sun hau kan katanga, sai shiru ya sauko, irin shirun da ake jin bugun zuciya a cikinsa. Daga nan kwansuna su fara zuba a kan rufi. Kaltumi takan tsince su da ludayi ta zuba a ƙwarya, da safe ta tarar sun zama baƙaƙen tsakuwoyi, irin waɗanda babu su a ƙasar Garuwa. Bayan haka aka fara jin wani sauti daga bayan randa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai buga ƙusa a kan ƙarfe da dutse, a hankali, ba gaggawa. In an je wurin sai ya koma cikin ɗakin Mairamu. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta.

Ita kuwa Mairamu, yarinya mai surutu da tsokana wadda uwarta kan ce bakinta ba ya hutawa, ta zama ba ta cewa uffan. Da almuru sai ta tashi ta zauna a tsakar gida ta fuskanci arewa, ta ɗora hannun a gwiwa, tana magana ƙasa-ƙasa da wani yaren da ba Hausa ba, ba Fulatanci ba, ba Faransancin makaranta ba. Kaltumi ta rame. Wata yamma ta tsaya a kan mijinta, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Baban Mairamu, shekara da shekaru ina kallon akwatin nan ban ce maka komai ba. Kayan matattu ne. Yanzu ga shi ka sa wa 'yata." Tsoro ya kama Bilya, da kunya, da wani baƙin cikin da bai taɓa sani ba.

Ya tafi neman Agnès, ya same ta a bakin tirenta na gyaɗa. Tana ganin fuskarsa ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Alhaji, wa ya sa ta?"

Ya ce, "'Yata."

Matar ta zauna a ƙasa daɓas. Sai da ta yi kuka sannan ta ba shi labari. An yi wa su Théodore kwanton ɓauna a kan dutse, 'yan'uwansa suka watse, shi kuma ya ja ƙafa da rauni ya shige wani kogo. Masu binsa suka zo har bakin kogon. Sai ya ga wata 'yar mitsitsiyar mace, tsawonta bai fi na yarinyar goye ba amma fuskarta ta tsohuwa, ta tsaya a ƙofar ta baza zanenta. Mutanen suka leƙa, suka yi ta haskawa, ba su ga kowa ba, suka wuce. Théodore ya ce mata me zai ba ta. Ta miƙo hannu ta ce munduwa, aikin hannunsa. Ya tsinko ciyawa ya auna wuyan hannun. A sansani ya ƙera ta, amma kafin ya koma aka sauya masa wurin aiki, daga nan ciwo ya kwantar da shi.

Agnès ta ce, "Yana gab da mutuwa ya ce in kai mata. Ni mace, Alhaji, ina zan bi in hau dutsen da ake yaƙi? Aka fara jifa a gidana. Na ji an ce kai a akwati kake ajiye su, na ce to, ta zauna a akwati. Ban san za ka sa wa ɗan Adam ba."

Daga nan Bilya bai zame ko'ina ba sai gidan Modibbo Dawuda, wani tsohon malami a unguwar Fulɓere wanda aka sani da karatu a kan masu taɓin aljanu. Modibbo ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Da la'asar sakaliya ya iso a bayan moto, wato babur, ba ya ɗauke da komai sai Alƙur'ani da gorar ruwa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kulle ƙofar zaure. Sannan ya dubi Bilya ido cikin ido.

Ya ce, "Alhaji, abu ɗaya nake roƙonka. Duk abin da ta faɗa, kada ka amsa. Kayanta za mu mayar mata, wannan haƙƙi ne. Bayan shi ba ta da komai a wurinmu. Amma in ka buɗe baki ka ba ta wani abu, ba ni da ikon karɓo maka."

Rana ta faɗi. Suka yi sallah a nan tsakar gida, Mairamu na zaune a wurinta tana fuskantar arewa. Kwansuna suka fara zuba, yau har a kan tabarma. Modibbo ya zauna gabanta ya fara karatu, muryarsa a kwance, ba ya sauri. Bugun ƙusar nan ya taso daga bayan randa, ya matso, ya matso, har ya zama kamar daga cikin munduwar yake fita. Kaltumi ta riƙe kafaɗun 'yarta. Can sai bugun ya tsaya cak. Mairamu ta juyo da kai a hankali, idanunta a buɗe amma ba kowa take kallo ba, muryar da ta fito kuma ta tsohuwa ce tukuf, siririya, da Hausa mai nauyi.

"Malam, ka ƙona ni. Me na ci maka?"

Modibbo ya ce, "Wace ce ke, kuma me kike nema a jikin yarinyar nan?"

"Ni ce mai kogo. Na rufe mutum da zanena, ya auna hannuna, na zauna ina jira. Damina ta zo ta wuce ina jira. Da na biyo kayana, na tarar an sa masa zarto."

"Za a kai miki har ƙofarki. Wanda ya yanka shi zai kai. Ki sake ta."

Muryar ta yi wata 'yar dariya. "Da awona aka yi ta. Hannun da ke cikin munduwata hannuna ne. Zan tafi da su tare."

Modibbo ya ce, "Ƙarya kike. Yarinyar ba ta yi miki alkawari ba, ba ta yanka miki komai ba. Ki ji tsoron Wanda ya halicce mu da ku. Munduwa taki ce, hannu ba naki ba ne."

"To yankan fa? An yanka nawa. Sai an yanka wani."

Modibbo ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana yayyafa ruwan gorar. Jikin Mairamu ya sandare. Muryar ta shiga ihu tana cewa ya bari, za ta fita, za ta fita, amma Bilya yana kallon munduwar tana nutsewa cikin naman 'yarsa, jini yana bin yatsun yana ɗiga a tabarma. Modibbo ya ɗaga masa hannu alamar ya yi haƙuri, saura kaɗan. Wataƙila da gaske saura kaɗan ne. Allah kaɗai ya sani. Sai ihun ya yanke, muryar Mairamu ta ainihi ta fito, ƙarama, irin wadda take kiransa da ita tun tana rarrafe.

"Baba, hannuna. Baba!"

Bilya bai san lokacin da ya faɗa gabanta ba. Ya ce, "Ni na yanka! Ni ne! Ki ɗauka a jikina, ki bar mini 'yata!"

Gidan ya yi tsit. Ko kwanso ɗaya bai sake faɗowa ba. Modibbo ya rufe Alƙur'anin a hankali ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Tsohuwar muryar ta dawo, yanzu a natse. "Ka ji, Malam. Da bakinsa." Kumburarren hannun ya ɗago ya kama hannun Bilya na dama, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kuɓewa a kasuwa, ya tsaya a kan babban. "Da wannan ka shafa kayana. Ka ji tsoron mutumin a ciki, ka ji ciwonsa, ka ji komai, ba ka tambayi ta wace ce ba." Bilya ya ji wani sanyi ya shiga yatsan har ƙashi.

Modibbo ya yi maza ya ce, "Iyakarki ke nan. Ki rantse ba za ki sake waiwayar gidan nan ba, ke da zuriyarki."

Ta rantse. Ta ce a ajiye mata kayanta a kan dutsen bakin kogo, rana na sama, kuma kada mai ajiyewa ya waiga. Mairamu ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale jikin uwarta. Munduwar ta zame daga hannunta kamar ba ita ce ta ƙi sabulu da mai ba, ta gangara kan tabarma ta tsaya a gaban Bilya, a rufe ruf, ba ta da baki.

Bilya ya cika alkawari. Shi da Agnès suka hau mota zuwa arewa, daga nan suka hau moto, wani abokin aikin marigayi Théodore ya nuna musu hanya har gindin dutsen. Bilya ya hau shi kaɗai, ya ajiye munduwar inda aka ce, ya juya. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar tagulla ta gogi dutse a bayansa, kamar an ɗauka. Bai waiga ba.

Hannun Mairamu ya saɓe, yatsun suka dawo daidai, ta koma makaranta da surutunta. Abin da ya rage sai wani koren zobe a wuyan hannun, wanda sabulu bai taɓa fitarwa ba. Yatsan Bilya kuwa yana nan a wurinsa, yana lanƙwasuwa, ba ciwo, ba tabo. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Akwatin katakon kuma ya daɗe ba a jawo shi daga ƙarƙashin gado ba.

Bayan damina wani mutum ya yi sallama a zaure da yamma, ya ce daga Yagoua yake, an gaya masa duk arewa babu mai gane aikin soja kamar Alhaji Bilya. Ya fito da zobe ya miƙa. Bilya ya karɓa, jiki ya riga tunani, ya runtse ido ya zura yatsan ya shafa. Ya sake shafawa. Bai ji kaushi ba, bai ji sulɓi ba, bai ma ji akwai zobe a wurin ba. Ya daɗe ido a rufe, sannan ya mayar wa mutumin.

Ya ce, "Ban sani ba, Malam."

"Haba Alhaji, kai ne fa aka ce."

"Ni ne. Ban sani ba."

Mairamu ta shigo da shayi, ta riƙe tiren da hannu biyu, ta durƙusa ta gaishe da baƙon. Bilya ya ɗauki kofin gilashin da aka cika yanzu daga kan wuta, ya riƙe shi, idonsa a kan yatsun 'yarsa yadda suka kama bakin tiren. Ita ce ta lura da fatar babban yatsansa ta fara tashi.

Ta ce, "Baba, ajiye, yana ƙona ka!"

Ya ce, "Bar shi. Miƙo mini hannun nan in gani."